Filin Tambaya da Amsa: Me maganaɗisu ke yi wa ƙwaƙwalwar mai ciwon damuwa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita. Yayana yana fama da ciwon damuwa mai tsanani tun bayan da kasuwancinsa ya karye. Ba ya samun barci, ba ya cin abinci sosai, ya daina fita ko da masallacin unguwa, kuma yana yawan cewa shi ba shi da amfani. An ba shi magani, daga baya aka canza masa wani, amma sauƙin kaɗan ne. Wani ɗan'uwanmu da ke aiki a ƙasar waje ya ce akwai na'urar da ake ɗora wa mutum a ka ta yi wa ƙwaƙwalwa aiki da maganaɗisu. Mahaifiyarmu ta ƙi amincewa, ta ce wannan jona wa mutum lantarki ne kuma zai taɓa masa hankali. Don Allah mene ne gaskiyar lamarin?

Daga wata mai karatu, Unguwar Sarki, Kaduna

AMSA

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba yayanki lafiya, ya saka muku da alheri bisa tsayuwar da kuka yi a kansa.

Hanyar da ɗan'uwanku ya ambata gaskiya ce, likitoci suna kiranta TMS a taƙaice, wato zaburar da ƙwaƙwalwa da maganaɗisu ta saman kai, kuma daban take da abin da Hajiya take tsoro. Wanda take nufi shi ne ECT, wanda aka fara a birnin Rum a shekarar 1938, inda ake yi wa majiyyaci allurar barci sannan a tura lantarki ta kansa domin a haddasa jijjiga ta ɗan lokaci da gangan. Shi ma magani ne mai ƙarfi da ke ceton rai, sai dai yakan taɓa tunawa na wani lokaci. A TMS kuwa mutum yana zaune a kujera idonsa biyu, ba a sa shi barci, ba a neman ya yi jijjiga, kuma idan an gama zai tashi ya tafi gida da ƙafarsa.

Tushen aikin tsohon ilimi ne. A 1831 masanin kimiyya ɗan Ingila Michael Faraday ya gano cewa idan ƙarfin maganaɗisu yana sauyawa da sauri, yana haifar da lantarki a cikin duk wani abu da ke kusa wanda lantarki ke iya bi. Haka taransifomar unguwa take aiki, wuta tana tsallakawa daga wannan naɗin waya zuwa wancan ba tare da sun taɓa juna ba. A 1985 Anthony Barker da abokan aikinsa a Shefil ta Ingila suka nuna cewa ana iya yin wannan da ƙwaƙwalwar mutum. Ana ɗora naɗaɗɗiyar waya a kan fatar kai, ta fitar da bugun maganaɗisu mai ƙarfi kusan irin na na'urar hoton MRI amma na ƙiftawar ido, ya ratsa ƙoƙon kai, ya tayar da ɗan lantarki a ƙwayoyin jijiyar da ke ƙasa, su kuma su aika saƙo kamar yadda suka saba. Kafin a fara magani ana gwadawa a sashen da ke sarrafa hannu har sai babban yatsa ya motsa da kansa, kuma da wannan ake auna ƙarfin da ya dace da kowane mutum.

Wurin da aka fi saitawa shi ne gefen hagu na gaban ƙwaƙwalwa, sama da goshi kaɗan zuwa gefe. Wannan sashe yana da hannu wajen tsara tunani, da yanke shawara, da janye hankali daga abin da ya dame shi, kuma hotunan ƙwaƙwalwa sun daɗe suna nuna cewa aikinsa yakan yi sanyi a wajen masu ciwon damuwa da yawa. Bugu mai sauri, kamar sau 10 a daƙiƙa guda, yana ƙara wa wuri kuzari, yayin da bugu a hankali, sau ɗaya a daƙiƙa, yake rage masa, shi ya sa wasu likitoci suke amfani da na biyun a gefen dama.

Abin da na fi so ki fahimta shi ne cewa bugun ba ya wuce zurfin santimita 2 zuwa 3 a na'urorin da aka saba, alhali wasu daga cikin sassan da ciwon ya fi shafa suna can ciki. Ɗaya daga cikinsu shi ne wani ɗan sashe da masana ke kira yanki na 25, wanda binciken likitar ƙwaƙwalwa Ba'amurkiya Helen Mayberg ya nuna cewa yakan yi aiki fiye da kima a lokacin baƙin ciki mai tsanani, ya kuma lafa idan magani ya karɓi mutum. Maganaɗisu ba ya isa can kai tsaye, amma gaban ƙwaƙwalwa yana da alaƙa da shi, don haka ana taɓa na waje domin a gyara na ciki. A 2012 Michael Fox da abokan aikinsa a Amurka suka nuna cewa maganin ya fi yin tasiri idan aka saita wurin da aikinsa ke tashi a daidai lokacin da na yanki na 25 ke sauka. Haka nan akwai rukunin sassan da ke farkawa idan mutum ya zauna shiru yana tunanin kansa, kuma a masu wannan ciwo rukunin yakan ɗaure da yanki na 25 fiye da yadda ya kamata, abin da masana ke dangantawa da saƙe-saƙen da ba ya ƙarewa, irin wanda ke sa yayanki yana maimaita cewa ba shi da amfani. An ga wannan ɗauri yana sassautawa bayan makonnin magani. Wani bincike na jami'ar Stanford da aka wallafa a 2023 ya ƙara da cewa a wajen yawancin majiyyatan da aka duba, saƙo tsakanin sashen da ke karɓar bayanin halin jiki da sashen da ke kula da yanayin zuciya yana tafiya a juye, kuma maganin ya mayar da shi kan hanyarsa.

Zama ɗaya ba ya kawo wannan sauyi. Mahaɗar jijiyoyi tana ƙarfafa ne ta hanyar maimaici, shi ya sa tsarin da hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2008 yake ɗaukar kwana biyar a mako har tsawon mako huɗu zuwa shida, kowane zama kusan minti 37. A 2018 wani babban gwaji a Kanada, mai mutum sama da 400, ya nuna cewa wani sabon salon bugu na kusan minti 3 yana aiki daidai da tsohon. A wannan gwaji kusan rabin majiyyatan sun samu sauƙi sosai, kusan ɗaya cikin uku kuma alamun ciwon sun gushe, duk da cewa mutane ne da ƙwayoyin magani ba su yi musu aiki ba tun farko. A ganina wannan sakamako ne mai daraja, amma yana nufin akwai rabin da ba su samu abin da suke fata ba, kuma ciwon yana iya dawowa bayan watanni.

Illolin da aka fi gani su ne ciwon kai, da zafi a inda aka ɗora na'urar, da motsin fatar fuska yayin bugu, kuma ana toshe kunne saboda ƙarar. Jijjiga tana iya faruwa amma da wuya ƙwarai, ƙasa da mutum ɗaya cikin 1,000. Haɗarin yana ƙaruwa ga mai farfaɗiya, da wanda bai yi barci ba, da mai shan giya ko tiramadol, don haka kada a ɓoye wa likita irin wannan saboda kunya. Ba a yi wa wanda ke da ƙarfe a cikin kansa, kamar na'urar ji da aka dasa ko ɓarɓashin harsashi.

Na'urar tana da tsada kuma ba kowane asibiti ke da ita ba, saboda haka shawarata ita ce ku fara komawa wurin likitan ƙwaƙwalwa, ko a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. A duba ko yana shan maganin kullum, ko adadin ya isa, ko an ba kowanne aƙalla mako huɗu zuwa shida, ko akwai wata cuta a ɓoye kamar ta maƙoƙo, sannan a haɗa masa da zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan Adam. Ku tafi da Hajiya domin ta ji bayani daga bakin likita. Kada ya daina magani da kansa. Idan kuma ya fara maganar mutuwa ko ya ƙi ci da sha gaba ɗaya, ku kai shi asibiti a ranar, domin wannan hali ba ya jiran makonni.

TAMBAYA

Likita, ana tallar warwaro da hula masu maganaɗisu a kasuwa, ana cewa suna maganin damuwa da rashin barci. Shin da gaske ne?

Daga wani mai karatu, Kawo, Kaduna

AMSA

Malam, ka riƙe kuɗinka. Maganaɗisun da ke zaune wuri ɗaya ba ya haifar da lantarki a jijiya, domin sai ƙarfinsa yana sauyawa cikin tsananin sauri kafin hakan ta faru, kuma na warwaro ko hula ba shi da ko kusa da ƙarfin da ake buƙata. Idan rashin barci da damuwa sun wuce mako biyu suna hana ka harkokinka, ka je asibiti a duba ka.