Wai da gaske ana gyara ƙuna da jijiyar saniya?

Tambaya: Salam Malam, ni ɗalibar koyon aikin jinya ce. Malaminmu ya ce akwai wani abu da ake haɗawa da kolajin a ɗora wa wanda wuta ta ƙona, fata ta sake tsirowa. Wai ya ake yinsa, kuma ya ake ganin cikinsa tunda an ce ramukansa ido ba ya gani? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa'alaikis salam ƙanwata, malaminku gaskiya ya faɗa. Kolajin dai shi ne furotin mafi yawa a jikinmu, gandar nan da ake sawa a miya yawancinta shi ne. Ioannis Yannas na jami'ar MIT da likita John Burke a Amurka su suka fara wannan aiki, suka ba da rahoton gwaji kan masu ƙuna a 1981, sai 1996 hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ta amince da shi da sunan Integra.

Kolajin ɗin daga jijiyar saniya, wadda ke haɗa tsoka da ƙashi, ake cirowa a dama shi da ruwa mai ɗan tsami, a daskarar, sannan a saka a injin da ke zuƙe iska, ƙanƙarar ta tashi ta zama tururi ba tare da ta narke ba, to duk inda ƙwayar ƙanƙara ta zauna sai ya bar rami, abin ya fito kamar soson wanka. Nan fa gwanintar take, in aka daskarar da sauri ramukan su fito ƙanana, in a hankali ne su fito manya, kuma in girman bai yi daidai ba ƙwayoyin jiki ba sa kama wurin yadda ake so. Ki lura, shi kansa ba fata ba ne, jiki ne ke shiga ya gina nasa yana cinye shi a hankali, bayan kamar sati 3 a ɓare ledar silikon, wani irin roba mai laushi da aka rufe samansa da ita, a dasa 'yar siririyar fatar majinyacin.

Maganar gani kuwa, ana yanko ɗan ƙyalle a shafa masa zinare siriri sosai a saka a maikuroskof mai aiki da ilektoron, ramukan su fito ɓaro-ɓaro a kwamfuta har a auna su. Matsalarsa sai busasshe yake dubawa, alhali a jiki a jiƙe abin yake, shi ya sa masu son ganin ƙwayoyin da ransu a ciki suke komawa ga maikuroskof mai leza.

Af, wasu kamfanonin da kolajin alade suke nasu, wasu na kifi, in ya zo hannunki a asibiti ki karanta takardar kwalin.