Tambaya da Amsa: Abinci ne ke gina dabba ko jinin iyayenta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Allah ya ƙara basira. Ina kiwon raguna, kuma na haɗa iri biyu a garke ɗaya, abinci ɗaya, ruwa ɗaya, kulawa ɗaya. Da aka yanka sai na ga wasu tsoka ce cike da jikinsu, wasu kuwa kitse ne ya lulluɓe musu ƙoda da hanji, naman kaɗan. Ɗana da ke karatun kimiyya ya ce abinci yana canza ƙwayoyin gadon dabba. Ni kuwa abin da na taso na sani shi ne barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wa ke da gaskiya a tsakaninmu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kowannenku ya kamo wani gefe na gaskiya, sai dai maganar yaronka tana bukatar ɗan gyara. Abinci ba ya sauya ƙwayoyin gado. Abin da rago ya gada daga uwa da uba, wato abin da ke rubuce a DNA ɗinsa (sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwayoyin jiki), da shi zai ƙare rayuwarsa ko me ya ci. Abin da abinci ke sauyawa shi ne yawan aikin da kowace ƙwayar gado ke yi.

Lokacin da aka kammala karanta DNA ɗin saniya a shekarar 2009, an ƙirga ƙwayoyin gado wajen 22,000. Waɗannan duka suna nan a hanta, suna nan a tsoka, suna nan a kitse. Amma ba duka ke aiki a ko'ina ba, kuma ba da ƙarfi ɗaya suke aiki kullum ba. Ka ɗauke shi kamar rediyo: tashoshin da ke ciki an riga an kafa su, kai dai naka shi ne ƙara murya ko rage ta. Abinci yana cikin manyan hannuwan da ke murɗa wannan maɓalli.

A hanta aka fi ganin abin a fili, shi ya sa nake son mu ɗan daɗe a kanta. Idan ɓera ko kaza ta ci abinci mai yawan sitaci, sukari yana hawa a jini, insulin, sinadarin da ke daidaita sukarin jini, ya biyo baya. Sai wasu furotin biyu da ke cikin ƙwayoyin hanta, SREBP-1c da ChREBP, su shiga inda DNA yake su tayar da ƙwayoyin gadon da ke mayar da sukari kitse. Ba a ɗaukar watanni, cikin 'yan awoyi ake ganin aikinsu ya ninka. Idan kuma dabbar ta kwana da yunwa, sai waɗannan su yi shiru, wani furotin mai suna PPAR-alfa ya karɓi ragama, ya tayar da masu ƙona kitse domin jiki ya samu abin rayuwa. A gwaje-gwajen da aka buga a 1999, ɓerayen da aka cire wa PPAR-alfa, da aka bar su da yunwa, hantarsu ta cika da kitsen da ta kasa ƙonawa, sukarin jininsu ya faɗi warwas. Ga makamashi jibge a jiki, amma babu mai ba da umarnin a taɓa shi.

Na sha buɗe kaza mai ƙwai da ta mutu farat ɗaya alhali jiya lafiyarta ƙalau. Hantar lafiyayyar kaza ja ce mai duhu, tana da ɗan ƙarfi a hannu. Ta wannan kuwa za ka same ta ta kumbura, ta koma ruwan ɗorawa, kana danna ta da yatsa sai ta marmashe, ga gudan jini a gefenta inda ta tsage. Abinci mai ƙarfi ne ya yi yawa ga tsuntsuwar da ba ta motsi, masu haɗa kitse suka yi ta aiki ba hutu. Kaza a hanta take haɗa yawancin kitsenta. Rago da saniya ba haka suke ba: su a cikin naman kitsen kansa ake haɗa shi, daga wani sinadari mai suna asiteti da ke fitowa daga tumbi. Shi ya sa rarar abinci a ragunanka ta taru a kan ƙoda da hanji da ƙarƙashin fata.

Yanzu ga naka gefen, gefen barewa. A 1997 Se-Jin Lee da Alexandra McPherron na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka sun gano wata ƙwayar gado da aka sa wa suna mayositatin. Aikinta taka wa tsoka burki, kada ta yi girman da ya wuce kima. A 1997 ɗin kuma aka gano cewa shanun nan na Beljiyam da ake kira Belgian Blue, masu tsoka curi-curi kamar an hura, wannan ƙwayar ce ta lalace a jikinsu. Tumakin Texel, wani iri na ƙasar Holan, sun fi ba ni sha'awa. A wurinsu ƙwayar na nan, furotin da take samarwa ma lafiyarsa lau, amma wani ɗan sauyi na harafi ɗaya tak ya sa jiki yana danne saƙon da take aikawa, sai burkin ya yi rauni, tsoka ta ƙaru. Masu bincike a Jami'ar Liège ta Beljiyam suka bayyana haka a 2006. Ka ga ke nan gado ma da hannunsa a kan maɓallin nan.

Idan kana son ka ga nauyin gado da lamba, dubi kajin nama. Masana a Jami'ar Alberta ta Kanada sun riƙe irin kajin 1957 ba tare da an taɓa shi ba, suka yi renonsa tare da irin 2005 a kan abinci ɗaya. A kwana 56, na 1957 ya kai giram 905, na 2005 ya kai giram 4,202. Kafin su, wani bincike a Jami'ar Jihar North Carolina ta Amurka ya gwada tsohon iri da sabo a kan tsohon abinci da sabo, aka samu kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na bambancin girman daga zaɓen iri ya fito, abinci ya ɗauki ragowar.

To amma kada ka ɗauka lissafin raba gado ne, a ce wannan kason na jini, wancan na abinci. Abin da na fi so ka riƙe shi ne iri ke yanke yadda jiki zai amsa wa abinci. A ɗakunan bincike an daɗe da sanin cewa ɓeran da ake kira C57BL/6J, in ka ba shi abinci mai maiƙo, yana yin ƙiba, sukarinsa ya hau. Wani irin mai suna A/J, a kan wannan abincin dai, da kyar yake ƙara wani abin kirki. A wani tsibiri na arewacin Sikotilan mai suna North Ronaldsay, tun 1832 aka gina katanga aka tsare tumaki a bakin teku, suka koma rayuwa da ciyawar teku. Sinadarin tagulla da jiki zai iya samu daga wannan ciyawa kaɗan ne, don haka jikinsu ya ƙware wajen zuƙe ɗan abin da ya samu. Yau in ka ɗauke su ka ajiye a kan abincin da sauran tumaki ke ci lami lafiya, tagulla na iya taruwa a hantarsu har ta kashe su. Tun da maganar ta zo, bari in roƙe ka: kada ka taɓa ba tumaki gishirin lasa ko haɗin ma'adinan da aka yi domin shanu. Tagullar da ke ciki ta fi ƙarfin hantar tunkiya, kuma ba a ganin alama sai abu ya riga ya lalace.

Game da ragunanka, shawarata ita ce ka raba su. Irin da ke saurin balaga yana gama gina tsoka da wuri, kuma daga nan duk abin da ka ƙara masa kitse zai zama. Mai jinkirin balaga yana kan gina nama a lokacin da wancan ya tsaya. Ka riƙa ɗora hannu a gadon bayansu, bayan haƙarƙari na ƙarshe. In ƙashin baya ya ɓace gaba ɗaya a ƙarƙashin yatsunka, sai taushi kawai kake ji, wannan ragon ya gama, abincin da kake zuba masa asara ne. Ka gaishe mini da yaronka, ka ce ya ci gaba da yi maka irin wannan gardamar.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Na ƙara wa shanuna hatsi sosai domin madara ta ƙaru. Ta ƙaru kuwa, amma ta tsinke, man da nake samu ya ragu. Wata ta ce mini irin shanun ne ba shi da kyau. In sayar da su ne?

Amsa: Kada ki sayar, Malama. Shanun da suka ba ki mai a baya ba su sauya jini a wata ɗaya ba. Idan hatsi ya yi yawa, ciyawa ta yi kaɗan, tumbi yana yin tsami, ƙananan halittun da ke narka abinci a cikinsa su sauya salon aiki. Daga nan sai su fara fitar da wani nau'in maiƙo wanda a da ba sa fitarwa da yawa. Ɗan kaɗan daga cikinsa in ya bi jini ya isa hantsa, sai ya danne ƙwayoyin gadon da ke haɗa man madara. Dale Bauman na Jami'ar Cornell da abokan aikinsa ne suka warware wannan sirri wajen shekarar 2000. A inda abin ya yi tsanani, man kan ragu da kusan rabi.

Ki rage hatsin sannu a hankali, ki raba shi kashi-kashi a yini maimakon zubawa lokaci guda, ki ba su ciyawa mai tsawo wadda za su tauna. Ki lura da su in sun kwanta: in kin ga yawancinsu suna tuƙa, tumbi ya dawo hanya. Cikin mako biyu zuwa uku man yakan dawo. Gaskiyar da ke cikin maganar waccan matar ita ce iri yana da iyakarsa. A cikin irin shanun Turai, madarar saniyar Jersey takan kai kusan kashi 5 cikin ɗari na mai, ta Holstein kusan kashi 4, kuma tun 2002 aka gano wata ƙwayar gado mai suna DGAT1 da ke da hannu babba a yawan man madara. Amma wannan ba shi ne matsalarki ba.

Tambaya: Likita, na ji an ce abin da dabba ta ci tana da ciki yana bin ɗan har girmansa. Gaskiya ne ko camfi?

Amsa: Gaskiya ne, ɗan'uwa, kuma a ganina nan ne masu kiwo suka fi yin sake. Akwai wani irin ɓera da ake haifa da gashi ruwan ɗorawa, ya taso da ƙiba da saurin kamuwa da ciwon sukari, saboda wata ƙwayar gado mai suna aguti da ke aiki ba tsayawa a jikinsa. A 2003 Robert Waterland da Randy Jirtle na Jami'ar Duke suka ƙara wa iyaye mata sinadarai huɗu a abinci tun kafin su ɗauki ciki har zuwa yaye: folik asid, bitamin B12, kolin da betayin. Da yawa daga cikin 'ya'yan suka fito da gashi mai duhu. Ƙwayar aguti tana nan yadda take, amma an manna wa DNA ɗin wasu 'yan ƙananan alamomi da suka rufe mata baki tun ɗan yana ciki, kuma rufewar ta bi shi har girma.

Ba na son ka fita daga nan ka je ka sayi bitamin ka ɗura wa tumaki. Wancan ɓera na musamman ne, kuma masu tallan kayan ƙari suna son jan irin wannan bincike zuwa inda bai kai ba. Abin da ya tabbata a tumaki da shanu ya fi haka sauƙi. Adadin zaruruwan tsokar ɗan rago ko ɗan maraƙi a cikin mahaifa ake kafa shi, yawanci a tsakiyar lokacin goyon ciki. Bayan haihuwa zaruruwan kauri kawai suke ƙarawa, ba a samun sababbi. Tunkiyar da ta sha yunwa a wannan lokaci tana iya haifar ɗa mai ƙarancin zaren tsoka, wanda in ka cika shi da abinci daga baya sai ya fi karkata ga tara kitse. Tsakiyar ciki kuwa shi ne lokacin da ake yawan mantawa da uwa, domin cikin bai fito sosai ba, ba ta kuma ba da nono.

Wuce gona da iri ma yana da nasa haɗarin. Saniyar da ta yi ƙiba sosai kafin haihuwa, da ta haihu cinta yakan ragu, kitsen jikinta ya narke ya kwararo hanta, hantar dabba mai tuƙa kuwa ba ta iya fitar da kitse da sauri. Sai ka ga saniya ta ƙi abinci, madara ta faɗi, numfashinta na wani wari mai zaƙi-zaƙi. Tunkiya mai ɗauke da tagwaye ma takan faɗa irin wannan hali a makonnin ƙarshe in abinci ya gaza mata. Ka riƙe uwa a tsaka-tsaki tun daga ranar barbara, kana jin haƙarƙarinta da hannu amma ba ka ganinsu da ido, sannan ka fara ƙara wa tunkiya abinci kaɗan-kaɗan a makonni shida na ƙarshe, lokacin da ɗan ke yin mafi yawan girmansa.