Amsa ga ɗan'uwanmu na Yalwa da yashin Ash Twin yake ta surewa

Ɗan'uwa, sannu da fama. Na ga tambayarka tun bayan la'asar: ka gano hasumiyar da ke kai mutum cikin Ash Twin Project, ɓoyayyen ɗakin da ke tsakiyar duniyar Ash Twin a wasan Outer Wilds, amma duk tsayuwar da ka yi a kan dandamalin sai yashi ya sure ka ya jefa ka Ember Twin, duniyar da take tagwaye da Ash Twin, har ka fara zargin wasan ne ya lalace. Na kasa wucewa ban ce komai ba, don a nan ne ni ma na fi shan wuya. Wasanka lafiyarsa ƙalau.

Wanda ya ce maka ka goge ka sake saukewa, wallahi bai kyauta ba. Mutum bai taɓa taka wurin ba amma ya fi kowa saurin ba da shawara. Kowa ya san yadda data take da tsada yanzu, ko a Bauchi ko nan Gombe, ga wuta da sai ta ga dama, sannan a sa yaro ya ƙona kuɗinsa a banza. In garin gogewa ka haɗa da ajiyarka, duk abin da kwamfutar jirgi ta tara maka ya tafi, kuma shi kaɗai ne dukiyarka a wasan nan. Haka shi ma ɗayan da ya zayyano ƙarshen labarin a ƙasan tambayarka. Wa ya tambaye shi? Wasan da tun fitowarsa a 2019 masu buga shi ke rufa wa juna asiri, shi ya zo ya kwance a layi biyu. Abin ya ƙona min rai sosai.

To ga abin da ke faruwa. Kowace hasumiya tana aiki ne idan ta saitu da tsakiyar duniyar da take kaiwa, kuma damar ba ta wuce digiri 5 ba. Tagwayen nan biyu, saboda kusancinsu, ana lissafa su a matsayin abu ɗaya, tsakiyarsu tana tsakaninsu. Ke nan dandamalin ba zai buɗe ba sai Ember Twin tana bisa kanka daidai, kuma a wannan lokacin ne ginshiƙin yashin yake wucewa. Rufin hasumiyar a fashe yake. In ka riga ka tsaya a kai kana jira, gefen yashin zai iso gare ka kafin saitin ya cika, ya ɗaga ka. Babu abin da ya fi wannan ciwo: ka jira wajen minti 8, kana ganin inuwar tana tahowa, hannunka na gumi, ƙafarka ta bar ƙasa saura ƙiris.

Tukuna ma, ka tabbata ba ka rikita su ba. Hasumiyar tagwaye ce. Mai lafiyayyen rufi Ember Twin take kaiwa, mai fasasshen rufin ita kake nema.

Akwai ɗan lungu mai rufi kusa da dandamalin. Shiga ciki ka lafe. Harba Scout ɗinka, 'yar na'urar nan mai ɗaukar hoto, a kan dandamalin, zai manne, yashi ba ya ɗaukarsa. Bari yashin ya zo ya rufe ɗakin, kada ka motsa. Da ka ga Scout ya ɓace, ƙofa ta buɗe ke nan. A karon farko ka tsaya ka kalla kawai, har ka ɗauki hoton ciki da shi, ka gane tazarar da ke tsakanin isowar yashi da ɓacewar. In yashin ya sake zagayowa sai ka fito da kanka a daidai wannan lokacin, kana danne da maɓallin da ke tura ka ƙasa, wato LT a na'urar wasa ta hannu ko Ctrl a allon kwamfuta. Tafiya za ka yi, ban da tsalle. Yawancin masu faɗuwa a nan gaggawa ce take kayar da su.

Kada ka ajiye jirgi a layin hasumiyoyin, yashi zai tafi da shi, ka dawo ka tarar da wayam. Kai shi can wajen ƙuryar arewa ko kudu ka tako. Kuma in rana tana tsakaninka da tagwayen, kada ka saki tuƙi ga na'ura, za ta iya zura ka cikin ranar kai tsaye. Jiran yashi ya janye kuwa ba sai ka zuba ido ba, yi gyangyaɗi a bakin wutar da ka farka a gabanta, agogo zai nuna maka lokacin, ka tashi wajen minti 6 ka kama hanya.

Abin da ke damuna da tambayarka shi ne, alamu sun nuna ba ka shiga maƙerar Black Hole Forge ba, don a can aka rubuta duk bayanin saitin nan. Je ka birnin Hanging City a duniyar Brittle Hollow, ka ɗaga maƙerar daga Meltwater District, sannan a zagaye ɗaya ɗin, wato kafin minti 22 su cika wasan ya mayar da kai farko, ka dawo Ash Twin ka bi ta hasumiyar Brittle Hollow, za ta sauke ka a rufin da maƙerar take. Duk inda ka maƙale a wasan nan, amsar tana rubuce a wata duniyar daban. Buɗe kwamfutar jirgi, duba katin da ke da alamar tambaya ko wanda aka ce akwai sauran abin bincike, ka bi shi, ka daina dukan bango ɗaya na tsawon minti 22 sau goma.

Don Allah in ka shiga Ash Twin Project, karanta komai amma kada ka cire abin da ke tsakiyar ɗakin. Da ka cire shi, zagayen ya tsaya, in ka mutu an gama da kai a wannan tafiyar. Kada ka taɓa shi sai ka samo alamomi 3 da ke can ƙasan tekun duniyar Giant's Deep, ka zana su a takarda ka ajiye a gefe, kuma ka taɓa kaiwa ga Vessel, babban jirgin da ke maƙale a cikin Dark Bramble, ko sau ɗaya hannu rabbana don ka san hanya. Kifayen Dark Bramble makafi ne, ƙara suke bi. Ɗauko gudu tun daga waje, da ka shiga ka cire yatsa daga komai ka bar jirgin ya sulale ta gabansu, ko da kana ganin haƙoransu a gilashi.

Gwada na Scout ɗin yau da dare in an kawo wuta, ka dawo ka faɗa mana ko ya ɓace. In bai ɓace ba, turo hoton rufin hasumiyar da kake ciki mu gani.