Filashin da zai tsayar da naushin ɗan dambe: amsa ga mai shirin kashe kuɗinsa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Ni mai ɗaukar hoto ne a Gusau, biki da suna na fi yi amma yanzu na fara shiga gidan dambe da yamma, wani lokaci kuma ƙwallon unguwa. Matsalata ita ce duk hoton da na ɗauka lokacin da aka kai naushi hannun sai ya fito kamar hayaƙi, ga fuska ras amma hannu ya ja. Ina da filashi ɗaya na kan kyamara, kullum a ƙarshen ƙarfinsa nake sa shi amma babu canji. Wani mai shago ya ce min in sayi babba mai wat 600 kuma mai HSS (tsarin da ke barin filashi ya yi aiki da shota mai sauri), wai shi ne ke daskarar da motsi. Kuɗin nan wata takwas na yi ina tara su, ina tsoron in saya ya zama asara. Don Allah a ba ni shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka riƙe kuɗinka tukuna, kar ka fitar da ko sisi sai ka gama karanta wannan, domin maganin rabin matsalarka yana cikin jakarka yanzu haka, kai da kanka ka faɗi ciwon da ka ce kullum a ƙarshen ƙarfi kake sa filashin. Nan ne ɓarnar take.

Wannan magana ta "ƙara wuta ya daskare" wallahi na gaji da jin ta, kusan kullum sai wani ya zo min da ita, kuma in ka bi salsala za ka tarar daga bakin mai sayarwa ta fito, mutumin da bai taɓa durƙusawa a bakin fili ƙura na shiga masa hanci ba. Ƙarfin filashi daban, gajartar walƙiyarsa daban. Abin da ke tsayar da motsi shi ne tsawon lokacin da hasken ya yi yana ci kafin ya mutu, kuma a filashin zamani masu batir, irin naka da irin su Godox AD200 da AD600, in ka ƙure ƙarfi to a lokacin ne walƙiyar ta fi daɗewa. Kamfanin da kansa ya rubuta a takardar AD200 cewa a cikakken ƙarfi walƙiyar 1/220 na daƙiƙa ce, in kana rage ƙarfi tana ta gajarta har ta wuce 1/10000 a can ƙasa. Dalili kuwa a cikakken ƙarfi ana barin wutar da ya tara ta ƙone gaba ɗaya har wutsiyarta, in ka rage kuma akwai makunni a ciki da ke datse ta tun ba ta yi nisa ba.

To yi lissafi da kanka. Mu ɗauka hannun da aka naɗe yana tafiyar mita 10 a daƙiƙa lokacin da aka sake shi. A 1/220 ya yi tafiyar santimita huɗu da rabi yayin da haskenka ke ci, wannan shi ne hayaƙin da kake gani. A 1/4000 kuwa milimita biyu da rabi kacal zai matsa, sai ka ga zaren naɗin ɗaya bayan ɗaya. Kai kuma duk sanda ka ga hoto ya ja sai ka ƙara wuta, ka ga ashe fetur kake zubawa a gobara.

Kuma kar wani ya ruɗe ka da lambar da ke jikin kwali, akwai awo iri biyu, t0.5 da t0.1. Na farkon yana daina ƙirga da zarar hasken ya sauka zuwa rabi, alhali sauran rabin yana nan yana shiga hoto yana ɓata maka hannu. Na biyun ne na gaskiya, don shi sai hasken ya sauka zuwa kashi ɗaya cikin goma yake daina ƙirga, kuma a cikakken ƙarfi yakan ninka na farkon kamar sau uku. Kamfanonin da ke son burge mai saye t0.5 suke bugawa da manyan baƙaƙe. In mai shago ya kasa gaya maka wanne ne a jikin kayansa, to ka san kwali kawai yake sayarwa. Haka zancen lambar GN 60, wato awon nisan da haske ke kaiwa, da ake ta tallata ƙananan filashi da ita, an auna ta ne bayan an matse hasken zuwa zum 200, ba ta gaya maka komai game da motsi.

Sai HSS, wanda shi ne ɗaya rabin ƙaryar. Ka san kyamararka tana tsayawa ne a 1/200 ko 1/250 in da filashi, in ka wuce nan labulen shota, wato ƙofar da ke buɗewa haske ya shiga kyamara, zai fito maka baƙi a gefen hoto. HSS ba wani sihiri yake yi ba illa ya mai da walƙiya ɗaya ta zama ƙananan walƙiyoyi jere da juna da sauri, har sai labulen ya gama wucewa, wato ya mai da filashinka tocila. A wannan halin ba filashin ke tsayar da komai ba, shota ce ke aikin, shi kuma ya yi asarar ƙarfi kamar mataki biyu ko fiye (kowane mataki raba haske biyu ne), batir na zuba, kai na zafi. Yana da ranarsa, ban ce ba shi da amfani ba: in ƙwallo ake da tsakar rana ko kana son ɗaukar ɗan wasa yana tsalle rana na bayansa, dole ka hau 1/2000, dole HSS, kuma dole ka matso da fitilar kusa. Amma kai da yamma kake aiki, bayan la'asar zuwa magariba, lokacin da haske ke guduwa, a nan kunna HSS kamar mutum ne ya ɗebo ruwa a kwando. Tun 1964 Harold Edgerton na jami'ar MIT a Amurka ya ɗauki harsashi yana ratsa tuffa, ba da saurin shota ba, a ɗaki mai duhu ya yi shi da walƙiyar da ba ta fi kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba. Sama da shekara sittin ke nan amma har yau ana tsaye a kasuwa ana gaya wa yara shota da wat ne sirrin.

Sharaɗi ɗaya ne, sai hasken wurin ya zama ƙasa da na filashinka da kamar mataki biyu zuwa uku, in ba haka ba hasken rana ko ƙwan janareta da aka rataya a fili zai zana maka inuwar hannu a bayan wanda filashi ya tsayar. Don haka kafin ka kunna fitila ka ɗauki hoto ɗaya babu ita, shota a 1/200, ka daidaita ISO (yawan jin hasken kyamara) da buɗin lensi har hoton ya yi duhu sosai ana ganin mutane da ƙyar, sannan ka kunna.

Yanzu ga inda mai shagon ya yi gaskiya ba tare da ya sani ba. Babba yana da amfani, amma amfaninsa shi ne ka samu damar rage shi. Ƙaramin filashi mai batirin lithium irin Godox V1 wat 76 ne in an ƙure shi (wat-daƙiƙa, Ws, shi ne ainihin awon). AD600 in ka sauke shi zuwa 1/8 na ƙarfinsa yana ba ka wat 75, kusan daidai ke nan, sai dai shi walƙiyarsa ta gajarta ƙwarai kuma kafin ka ƙifta ido ya sake cika, shi kuwa ƙaramin sai ka jira shi daƙiƙa ɗaya da rabi, a dambe kuwa cikin daƙiƙa ɗaya da rabi an yi kisa har an fara ɗaga wanda ya faɗi. AD600 ma yana nuna maka tsawon walƙiyar a allonsa, kana murzawa kana ganin lambar tana canzawa. Amma AD600Pro kilo uku ne shi kaɗai ban da sanda, ga ka a kan mashin da jakar kyamara. Ni da ni ne, da kuɗin guda ɗaya babba gara in ɗauki AD200 guda biyu da tiriga ɗaya (na'urar kan kyamara mai harba fitila daga nesa) irin XPro wadda ta dace da kyamarata, don fili irin na dambe ba shi da faɗi, fitila biyu a 1/4 ko 1/8 da ISO 400 zuwa 800 sun ishe ka. Masu hali suna sayen Profoto B10 ko Elinchrom, kaya ne masu kyau ba musu, amma naushi bai san sunan kamfani ba. In kuma kuɗin ba su kai biyu ba ka sayi ɗaya, wanda ke hannunka ya zama na biyu a baya.

Ƙwallon unguwa kuwa ka cire rai, babu fitilar batir da za ta haska maka fili daga raga zuwa raga, tunda duk sanda ka ninka nisa hasken kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa. Ka zaɓi bakin raga ɗaya ka zauna, ko ka bar filashin a jaka ka ɗaga ISO.

Abu biyu kar ka saya ko da kyauta aka haɗa maka. Tsofaffin fitilun situdiyo masu jona wuta da muke hoton amare da su, yawancinsu akasin abin da na faɗa suke yi, in ka rage ƙarfi walƙiyar ƙara tsawo take. Sai tsofaffin filashin gwanjo na zamanin fim, wasu daga cikin Vivitar 283 na farko suna fitar da sama da bolt 200 ta ƙafarsu, ka ɗora a kan kyamarar yanzu ko tiriga ka ƙona ta a banza. Batir ma ka sayi na asali, na jabu yana kumbura, kuma kar ka bar shi cikin but ɗin mota a zafin watan Afrilu. Ko lafiyayyen ƙaramin filashi takardarsa ta ce in ka yi harbi 30 a jere da cikakken ƙarfi ka ba shi hutun minti 10, a zafin Gusau kuwa ba lallai ya kai talatin ɗin ba, wani dalilin ke nan na rage wuta.

Lema da sofbos masu tausasa haske ka bar su a gida, suna cinye haske kuma iska ɗaya za ta kifar da sandar a kan 'yan kallo. Kwanon da ke tara haske ya isa. Ka cika ƙaramin buhu da yashi ka danne ƙafar sanda, ka samu yaro ka biya shi ya tsaya a wurin, kar ya matsa ko da an yi kisa fili ya rikice. Ɗaya fitilar a gefe, ɗayar a baya tana fuskantarta, duka a sama, wannan ta bayan ita ce za ta fito maka da gumi da ƙurar da ƙafa ke tayarwa. Filashin kan kyamara kuwa a lokacin hunturu ƙurar da ke gaban lensinka yake haskawa, shi ya sa kake ganin ɗige-ɗigen fari.

Amma ƙanena ka saurare ni a nan, don wannan ya fi duk lissafin da na yi maka nauyi. Mutum biyu ne a tsaye kowa ya miƙa garkuwa ya ja mashi baya, idonsa a kan kafaɗar abokin karawarsa, da magariba ido ya riga ya buɗe don duhu, kai kuma ka zo ka dasa wat 600 daidai fuskarsa ka harba a lokacin da naushi ke tahowa. In ya faɗi wa ya kashe shi, abokin damben ko kai? Na taɓa ganin wani yaro ya yi haka a wani gidan dambe, da ƙyar dattawa suka fitar da shi da kyamararsa a hannu, kuma ban ga laifin mutanen ba. Manyan gasanni da yawa a duniya sun hana filashi sam saboda wannan, inda aka yarda kuma kamar ƙwallon kwando ta NBA, can saman rufi ake ɗaure fitilun da izinin masu filin, hasken na saukowa daga sama. In dawaki ne kamar folo ko sukuwa abin ya fi haka haɗari, doki in ya firgita ba mahayinsa kaɗai zai kayar ba. Mu kuwa sai mutum ya sayi kaya yau gobe ya faɗa fili ko sallama babu, wai shi ɗan jarida. Ka je wurin shugabannin gidan tun kafin a fara kiɗa, ka gaishe su, ka nuna musu inda za ka kafa, ka harba sau ɗaya 'yan damben su gani da idonsu su ce sun yarda. Sandar ta wuce tsayin mutum sosai, mita uku in za ta kai, ta leƙo ƙasa daga gefe. In sun ce a'a, ka naɗe kayanka ka ɗaga ISO, ko ka roƙi ɗaya daga cikinsu bayan an tashi ya kai maka naushi a iska ka ɗauka yadda kake so.

Kafin ka je kasuwa ka gwada wannan yau da daddare a tsakar gida: ka sa wani ya riƙa wurga hannu, ka ɗauka da filashinka a 1/1, sannan ka sauke shi 1/16 ka ɗaga ISO zuwa 1600 ka sake ɗauka, ka faɗaɗa hotunan biyu a kan yatsunsa. In na biyun ma ya ja, ka kashe ƙwan tsakar gidan ka maimaita, sannan ka rubuto min da sunan kyamararka in gaya maka tirigar da za ta hau.