Tambaya da amsa: "shone" ko "shined"?

Tambaya: Malam, ina gaisuwa. Ni ɗaliba ce a Garwa ta ƙasar Kamaru, bana zan zauna jarrabawar sakandare ta Probatoire. A gwajin Ingilishi na rubuta "The sun shined all day", malaminmu ya ja masa jan biro ya rage min maki. Amma mai yi mana lesin da yamma ya ce daidai na rubuta, Ingilishin Amurka ne, malamin makaranta ne bai waye ba. Saura makonni kaɗan, hankalina a tashe yake. Wa zan bi?

Amsa: 'Yata, kwantar da hankalinki, ki bi malamin makarantarki. "The sun shone all day" ake rubutawa.

Abin da ya rikita ki shi ne aiki uku da "shine" ke yi ita kaɗai, alhali mu kowanne da kalmarsa. Rana ko wata ko tauraro su ba da haske da kansu, abin da Faransanci ke cewa "briller": nan "shone" ce. Yaro ya zauna bakin kasuwa da buroshi da gwangwanin man takalmi ya goge takalmi har ya yi sheƙi, wato "cirer": nan "shined" ce, "He shined my shoes". Na ukun shi ne a haska wa wani abu tocila. A nan ne mai lesin ɗinku ya fi samun ɗan abin kamawa, don mutanen Ingila kan ce "She shone a torch", Amurkawa kuwa sun fi cewa "She shined a flashlight". To amma ke maganar rana kika yi, kuma ba wanda ya riƙe rana a hannu ya haska ta.

Yanzu bari in zo kan abin da ke ci min rai. Wannan magana ta "ai Ingilishin Amurka ne" ta zama bargon rufe jahilci. Kullum sai na ji ta. Yaro ya rubuta "goed", a ce Amurka. Ya rubuta "shinning" da n biyu, alhali "shining" ce, a ce Amurka. Na taɓa karɓar wata 'yar takardar darasi da aka buga da injin hoto ana sayar wa yara a ƙofar makaranta, ba sunan marubuci, ba shekara, an jera aikatau an manna wa kusan kowanne "ed" a wutsiya kamar ana raba goro. Iyaye sun biya kuɗin lesin, sun biya kuɗin takarda, sannan yaro ya je ya zubar da maki a zauren jarrabawa.

Bambanci tsakanin Ingila da Amurka akwai shi, ban musa ba. Amurkawa suna rubuta "color", a Ingila ana rubuta "colour". Suna cewa "gotten". Ita kanta "shone" furucinta ya bambanta: a Ingila gajere ne, ya yi daidai da "gone", a Amurka a ja shi ya yi daidai da "bone". Za ki ma iya jin Ba'amurke ya ce "the sun shined" a hira ko a waƙa. Sai dai a rubutun da aka tace, can ma "shone" aka fi ɗauka. Kuma mai duba takardarki ba a Amurka yake zaune ba. Ingilishin da ya kafu a makarantun Kamaru na Ingila ne, wanda ɓangaren Buea da Bamenda ya shigo da shi lokacin haɗewarsa da sauran Kamaru a 1961, shi ya sa har yau suke zana jarrabawar GCE irin ta Ingila. Malamin da ya san aikinsa, in ya ce miki abu na Amurka ne, ƙamus zai buɗe ya ɗora yatsa a kan layin. Wanda ya tsaya a baki kawai, ki roƙe shi cikin ladabi ya nuna miki.

Wani tarko kuma, tunda muna kan haske: "shine" ba ta nufin kunnawa. In wuta ta dawo kika danna makunni, "switch on" ko "turn on" za ki ce. In ashana kika ƙyasta wa fitilar kwai ko kyandir, "light" ce, kuma in abin ya riga ya wuce ta zama "lit": "She lit the lamp". Bayan an kunna ne fitilar za ta yi "shine".

Yau da dare ki rubuta jimla uku a littafinki, ɗaya kan wata, ɗaya kan takalmi, ɗaya kan tocila, gobe ki kai wa malamin da ya ja miki jan biron ya duba.