Murhuna na itace yana haukacewa in ana iska, ya zan yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da murhun itace na ƙarfe, irin mai ƙofa da bututun hayaƙi da ya fita ta rufi. Ranar da babu iska lafiya lau yake ci, amma da iska ta taso sai wutar ta dinga ruri tana lamushe itace, ko na rage mata iska bata ji, wani lokacin kuma hayaƙin ne yake dawowa cikin ɗaki. Dan Allah meye mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam. Toh ɗan'uwa matsala biyu ka haɗa a nan, kuma duk daga bakin bututun can sama suke tasowa. Shi bututu aikinsa zuƙa ne, hayaƙi mai zafi bai kai iskar waje nauyi ba sai ya yi sama, yana tafiya yana janyo sabuwar iska ta kafofin murhun. In iska mai ƙarfi ta gifta ta saman bakin bututun sai zuƙar ta ƙaru kamar wani ya sa baki yana tsotsa, shine rurin da kake ji.

Amma inda kace ko ka rage iska bata ji, nan ne hankalina ya tsaya, domin murhun da yake a rufe ruf dole ya ji magana, in bai ji ba to akwai inda iska ke satar hanya. Ka bari ya huce, ka samu takarda ka datse ta da ƙofar sannan ka ja, in ta zare salin alin to igiyar nan da ta zagaye bakin ƙofar ta mutu sai an sake ta, kuma ka gwada sama da ƙasa da gefe duka. Akwai wanda na je duba wa nashi, har ya gama shirin sake bututu gaba ɗaya, ashe ƙofar kwashe toka ce ta karkace, wallahi ƙaramin yatsana shiga yake ta gefen, iska na bi ta ƙarƙashin garwashi kamar zugazugin maƙera.

In ƙofofin lafiya suke to sai a sa maka dampa, wani faifan ƙarfe ne mai juyawa a cikin bututun kusa da murhu, ranar iska ka karkata shi kaɗan ya rage zuƙar. Ka buɗe shi duka kafin ka buɗe ƙofa zaka ƙara itace, in ba haka ba hayaƙi zai watso maka a fuska.

Sannan yadda kake zuba itacen. Ranar iska ba ranar ƙananan faskare bace, manyan gungume biyu ko uku sun isa, kuma ka fara rage iskar tun wutar bata kankama ba, kaɗan kaɗan, dan in ka toshe ta lokaci ɗaya hayaƙi zai taru a ciki ya kama fuu ya feso ta kowace kafa. Wasu ɗanyen itace suke sawa wai dan wutar ta lafa, ni kam bana goyon bayan wannan ko kaɗan. Itacen da danshinsa ya wuce kashi 20 cikin 100 wani baƙin maiƙo mai kama da kwalta yake tarawa a jikin bututu, ranar da ya kama kuwa zafinsa yana iya haura digiri 1000 na selshiyos. Ka nemi ma'aunin zafi mai maganaɗisu ka manna a bututun, tsakanin digiri 150 zuwa 250 na selshiyos shine daidai. In kaga ƙarfe ya fara ja ka rufe iskar ka bar ƙofa a rufe, kada ka kuskura ka watsa ruwa, tsagewa zai yi.

Shi kuma dawowar hayaƙi yawanci gajartar bututu ce, ko doguwar bishiya ko gini a kusa da iska ke dukansa ta gangaro ƙasa ta danne bakin. A Amurka ƙa'idarsu ita ce bututu ya ɗara inda ya huda rufi da ƙafa 3 (wajen santimita 90), kuma ya fi duk wani ɓangaren gini da ke cikin tazarar ƙafa 10 (wajen mita 3) tsawo da ƙafa 2 (wajen santimita 60). Ka auna naka, sannan a sa mishi hula irin mai kare iska. Kafin nan ka ɗan buɗe tagar ɓangaren da iskar ke bugowa, ta ɗaya ɓangaren kuma ka rufe, dan ita tsotse iskar ɗakin take yi sai ɗakin ya koma yana shaƙa ta bututu. Fankar fitar da iska ma haka take yi, a kashe ta.

Hayaƙin da kake gani ma da sauƙi, akwai kabon monoksaid, wani gas mai guba da bashi da wari bashi da launi, yana farawa da ciwon kai da jiri, yana kisa cikin barci. Ka sa na'urar da ke yin ƙara in ta gano shi a ɗakin, kuma daren da hayaƙi ya dawo ko sau ɗaya ne kada kowa ya kwanta sai garwashin ya mutu murus. In ka gwada takardar ka faɗa min abinda ka gani, da tsawon bututun naka daga rufi.