Fayilolin sabunta Windows sun cika faifan C, ko za a iya mayar da su D?

Malam, kamar yadda ka ce, C ya cika, kana so sabuntawa ta riƙa sauka a D.

Windows na zuba su ne a C:\Windows\SoftwareDistribution\Download, kuma a saituna babu inda ake canza wurin. Ni dai shawarata, fara da shara. Buɗe Disk Cleanup, danna Clean up system files, ka zaɓi Windows Update Cleanup. Duba kuma ko akwai Windows.old, wato foldar da ke ɗauke da tsohon Windows ɗinka, shi ne babban mai cin wuri. Bayan kwana 10 Windows kan goge shi da kansa, amma in ka riga shi, babu komawa tsohon Windows ɗinka.

In bai isa ba, tsayar da wuauserv, wato manhajar da ke gudanar da sabuntawar, canza wa SoftwareDistribution suna, ka buɗe sabuwar folda a D, sannan ka haɗa tsohon wurin SoftwareDistribution da sabuwar foldar da umarnin mklink /j a Command Prompt, wato tagar rubuta umarni. Kar D ɗin ya zama filashi. Ranar da aka zare shi sabuntawa ta tsaya cak. WinSxS kuwa, foldar da Windows ke ajiye kayan aikinsa, ko ka ga ya yi ƙiba, kada ka goge komai a ciki da hannu.

In ba ka saba da Command Prompt ba, kai wa masu gyara a kasuwar Sheikh Gumi ta Kaduna, amma kwafe takardunka tukuna.